Lissafi da Kunne

19 ga Oktoba, 2024

Likita ya ce in buɗe littafi ina rubuta lokacin ɗiga magani. Malamata ta ce in buɗe wani ina rubuta abin da na koya a kwamfuta. Na haɗa su wuri guda, tunda ido ɗaya ne ya jawo su duka.

Hawan jinin ido ne, wanda asibiti ke kira gulakoma. Na hagu ya riga ya tafi, haske da duhu kawai yake rabewa. Na dama yana nan, amma gefe-gefensa sun cinye, saura tsakiya. Ina ganin hancin mutum da bakinsa, hannun da ya miƙo don gaisuwa kuwa ba na gani, har wasu a masallacinmu na Nima, a Accra, sun fara cewa akawu ya yi girman kai. Likita bai ɓoye min komai ba. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, matsinsa ya danne jijiyar gani, abin da ya mutu a jijiyar kuma ba ya dawowa. Ba irin yanar ido ba ce da ake cirewa mutum ya koma gani. Magani ragowar kawai yake tsarewa. Awon mai lafiya tsakanin 10 da 21 yake, nawa ranar farko ya haura 30.

Ni akawu ne a wurin Alhaji, dillalin albasa, tun muna kasuwar Agbogbloshie kafin a tashe mu zuwa Adjen Kotoku a watan Yulin 2021. Mota ɗaya idan ta taso daga Galmi ko Agadez, kayan mutum biyar ko shida ne a ciki. Kowa da adadin buhunansa, da kuɗin mota, da na 'yan dako, da la'ada, da sunan matar da ta ɗauki buhu goma bashi za ta biya ranar Juma'a. Duk wannan a Excel yake shekara da shekaru. Ranar da na kasa karanta Excel, ranar aikina ya ƙare.

Ta ofishin ƙungiyar makafi, Ghana Blind Union, da ke Adabraka aka haɗa ni da malamata. Yarinya ce 'yar Maamobi, sa'ar ɗiyata ta fari, ba ta taɓa gani ba, ta yi makarantar makafi ta Akropong. Yau ta zo da filashi ta sa min NVDA a laftof, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke allo da murya. Kyauta ce. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka ƙirƙiro ta tun 2006. Akwai JAWS, wadda ta girme ta, amma ta kuɗi ce, idan ba ka biya ba minti 40 take yi sai ka kashe kwamfuta ka sake kunnawa. Na danna Ctrl da Alt da N, laftof ɗina da ba ta taɓa ce min uffan ba ta fara surutu.

2 ga Nuwamba

Yatsu biyu nake bugu da su tun da na san kwamfuta, ido a kan maɓallai. Malama ta saurari bugun nawa kaɗan ta ce, "Baba, wannan ai kaza ce ke tsince." Ta kama yatsuna na nuni ta ɗora ɗaya kan F ɗaya kan J. Akwai ɗan tudu a kan kowannensu, dama don haka aka yi shi. Sauran yatsu su jeru gefe, kowane da haruffansa, ya je ya dawo gida.

Abin da ya fi taimako shi ne danna maɓallin NVDA da 1. Daga nan duk abin da ka taɓa sunansa kawai take faɗa, ba ta aikata komai, sai ka yi ta lalube ba tsoron goge lissafin wani. Maɓallin NVDA asalinsa Insert ne, amma a laftof ɗina yana can lungu, sai muka mayar da shi Caps Lock. Ɗiyata ta ɗiga min jan farce a kan Tab da Delete da F2, ya bushe ya yi ƙurji, yatsa na jin sa.

Ctrl shi ne "yi shiru". Shi na fara haddacewa.

16 ga Nuwamba

Mun yi musu da malama, musun da har yanzu bai gama kwanciya a raina ba.

Windows na da gilashin ƙara girma. Ka danna tambarin Windows da alamar ƙari, rubutu ya kumbura, Ctrl da Alt da I kuma su juya fari ya koma baƙi, hasken ya daina sukar ido. Da shi nake aiki tun bara. Matsalar ita ce mai irin ciwona ba ƙanƙantar rubutu ce ke damunsa ba, ƙuncin fili ne. Ka ƙara girma, lamba mai gida biyar ta fi ƙarfin ɗan filin da ya rage maka, sai ka bi ta da kai daga hagu zuwa dama. Kafin la'asar wuya ya ƙage, kai na sarawa. Duk da haka idona yana can. Murya na magana, ni ina leƙen allo ina tabbatarwa, rabin abin da ta faɗa ya wuce ni.

Malama ta ji shirun da nake yi bayan kowane danni ta gane. Ta ce, "Baba, leƙe kake yi." Ta miƙo hannu ta danna NVDA da Ctrl da Escape. Allo ya yi baƙi ƙirin, kwamfuta na aiki, murya na nan. Labule suke ce masa.

Na ce mata Allah ya bar min ɗan wannan ganin, don me zan rufe shi da hannuna tun kafin lokaci? Ta ce ba rufe ido ta ce in yi ba, in ajiye shi don hanya, da tsallaka titin Nima, da fuskar jikoki. Ta ce mutanen da ta fi shan wuyar koyarwa ba waɗanda suka makance gaba ɗaya ba ne, masu ragowar gani ne, domin sai ranar da ya ɗauke suke zuwa, ga baƙin ciki ga koyon a-ba-ca-da a lokaci guda.

Gaskiyarta ce, amma ba duka ba. Ita ba ta taɓa rabuwa da allo ba, saboda ba ta taɓa mallakarsa ba. Mun daidaita a kan awa ɗaya bayan asuba da labule a rufe, sauran yini in yi yadda na ga dama. A awar farko buɗe fayil ɗaya na iya yi, na rufe wani ban sani ba, na tashi jiƙe da gumi alhali fanka na juyawa.

8 ga Disamba

Jiya zaɓe. Akwai wata riga ta kwali mai ramuka da ake zura takardar ƙuri'a ciki don makaho ya dangwala da kansa. Ban nemi ta ba, na iya da idon dama, amma na roƙa aka ba ni na shafa.

Linzamin kwamfuta yana cikin durowa yanzu. Alt da Tab na sauya taga, NVDA da T na faɗa min wadda nake ciki, tambarin Windows sai in buga haruffan farko na abin da nake nema in danna Enter. NVDA da F12 agogo ne. Idan aka ɗauke wuta, NVDA da Shift da B ke gaya min saura nawa a batir.

Hazo ya sauko, idanu na ƙaiƙayi. Gwaggo ta aiko da kwalli da zuma daga Kumasi. Na sha zumar.

28 ga Disamba

Excel. Nan ne gizo ke saƙar.

Tafiya cikin gidajen lissafi da kibiya ba wuya, tana faɗin abin da ke ciki da adireshin gidan, D14, E14. Amma D14 me ke nan? Buhu ne ko sidi? Da ido kallo ɗaya ne sama ka ga kan layin. Malama ta nuna min: ka tsaya a gidan farko na layin kanun ka danna NVDA da Shift da C, ka tsaya a kan layin sunaye ka danna NVDA da Shift da R. Daga nan duk inda ka matsa tana haɗa maka da kan layin, ka san wannan kuɗin mota ne, na wane ne. Sau ɗaya ake yi, fayil ɗin ya riƙe.

Sai na gano tsohon littafina gaba ɗaya don ido aka gina shi. Mai bashi ja ne, wanda ya biya rabi ruwan ɗorawa, wanda ya gama kore. Kunne bai san ja ba. Akwai hanyar tambayar launi, NVDA da F, amma wa zai tsaya tambayar gida ɗari uku ɗaya bayan ɗaya? Ga gidajen da na haɗe biyu-biyu don kan takarda ya yi kyau, kibiya na shiga ta ɓace. Ga layukan da na bari fanko don raba mota da mota, waɗanda ke tsayar da Ctrl da kibiyar ƙasa a tsakiyar hanya, in zaci ƙarshen lissafi ke nan.

Na zauna da ɗiyata muka sake gini. Layi ɗaya, ciniki ɗaya. Kwanan wata, lambar mota, mai kaya, mai saye, buhu, farashi, abin da aka biya, saura, sai gida na ƙarshe da aka rubuta da kalma: bashi, rabi, an gama. Babu gida a haɗe, babu fanko, kowane wata da shafinsa, Ctrl da Page Down ke kai ni na gaba. Kuɗin sefa da na sidi kowane da layinsa na tsaye, canjin ranar a gida ɗaya can sama. Littafin ya rage kyau. Ya kuma fi na da sauƙin tacewa, in ce a fito min da masu bashi kaɗai su fito, abin da launi bai taɓa yi min ba.

18 ga Janairu, 2025

Muryar Turanci idan ta ci karo da Hausa abin dariya ne, sunayen abokan cinikinmu duk ta dagula su. Cikin jerin harsunan eSpeak, muryar da ke zuwa tare da NVDA, na bi daga sama har ƙasa. Akwai Larabci, Faransanci, Amharik, Oromo, Suwahili. Babu Hausa, babu Twi. Alhali da Hausa ake ciniki daga Agadez har bakin teku.

Dabarar malama ita ce muryar Suwahili, domin wasulansu biyar ne irin namu, a tana nan a, i tana nan i. Inda take tuntuɓe muka gyara a ƙamus ɗin murya da ke cikin saituna: c ta zama ch, ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b. Rubutun bai canja ba, furucin kaɗai. Karin sauti babu, kowace kalma gaɓar kusa da ƙarshe take dannawa, amma ana ganewa. Jikana ya ce kwamfutar Kaka baƙuwa ce, ba ta daɗe da zuwa Zango ba.

Takardun da ke zuwa daga Nijar da Burkina Faso da Faransanci suke. Idan bugun inji ne, NVDA da R na karanta hoton. Rubutun hannu ba ta taɓa shi.

Na bar muryar Windows mai daɗin ji na koma eSpeak. Ƙarfe-ƙarfe take, amma ba ta haɗiye ƙarshen kalma idan an ƙara gudu. Ma'aunin daga 0 zuwa 100 ne, ina wajen 45. Ta malama ba na jin komai a ciki sai ƙara.

8 ga Fabrairu

Intanet. Da na bar ta tana karanta shafi daga sama, sai na ji tallace-tallace da jerin mahaɗai har na manta abin da ya kawo ni. Malama ta ce shafi kasuwa ne, mai ido na tsayawa bakin ƙofa ya hango rumfar da yake so, ni kuwa sai in san layi-layi. H na tsallakawa daga kan magana zuwa kan magana, K mahaɗi, B maɓalli, E gurbin rubutu, T jadawali. NVDA da F7 na tara su jeri guda. Idan za ka rubuta a gurbi akwai ɗan sauti da ke nuna haruffa sun daina tsalle sun koma rubutu, NVDA da Space ke sauya wannan.

Shafin da aka gina da hankali, minti biyu na gama. Wani shafin biyan kuɗi na wata hukuma kuwa, maɓallai uku a jere ba ɗaya mai suna, a ƙarshe kuma hoton karkatattun haruffa wai in tabbatar ni mutum ne. Dole na kira yaron makwabta. Dokar naƙasassu ta ƙasar nan, mai lamba 715, tun 2006 take. A 2013 an naɗa makaho lauya, Dakta Henry Seidu Daanaa, ministan harkokin sarauta. Mai gina shafi bai ji labari ba.

Ƙannena biyu sun je awo bayan na matsa musu, domin ciwon na bin jini. An sami ɗaya da shi, bai taɓa jin ko ƙaiƙayi ba. Binciken da aka yi a Tema, wanda ya fito a 2013, ya sami kusan mutum 7 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama da wannan ciwo, mafi yawansu ba su sani ba.

9 ga Maris

Azumi ya kama. Likita ya ja kunne kada in tsallake ko ɗigo ɗaya. Malamin unguwa ya ce abin lura a wurinmu shi ne kada ɗanɗano ya kai maƙogwaro. Ba a yi rigima ba: timolol sau biyu ne a yini, ɗaya da sahur ɗaya bayan shan ruwa, latanoprost dama na dare ne. Nas ta koya min in rufe ido in danne kusurwarsa ta wajen hanci kamar minti biyu bayan ɗigawa, maganin ya zauna a ido kada ya gangara.

Na kunna TalkBack a waya, ita ce mai karanta allon waya da murya. Taɓawa ɗaya ta faɗa, biyu ta buɗe, yatsu biyu ke jan shafi. WhatsApp ba matsala, direbobinmu dama murya suke aikowa, ba mai rubutu. Momo, wato tura kuɗi ta waya, ita ce ta ba ni wuya. Kafin murya ta gama karanto zaɓuɓɓuka in lalubo lamba, lokaci ya ƙare, a koma farko. Haddace jerin lambobin na yi, ina dannawa ba na jiran ta.

Tun bara ɗiyata ke buga min lambar sirri, ita ke karanta min saƙon kuɗi. Yarinyar kirki ce. Amma kuɗin ba nawa ba ne, kuma akwai dattijan Zango da sunansu ke layin bashi waɗanda ba za su so 'yar cikinsu ta sani ba. Daren jiya na tura kuɗi Bawku da abin ji a kunne, allo a rufe, ba wanda na tasa.

19 ga Afrilu

Yau a rumfar Alhaji na yi aikin da labule a rufe, ba a gida ba. Hayaniyar Adjen Kotoku daban ce: injin mota, ihun 'yan dako, masu saye na ciniki da Twi da Zabarmanci da Hausa. Kunne ɗaya na ba murya, ɗaya na bar wa mutane.

Nan na ci karo da abin da ɗaki bai nuna min ba. Lambobi da Turanci take faɗa, kuma cikin ƙara 15 da 50 kusan abu ɗaya ne a kunne, haka 13 da 30, 14 da 40. Buhu 315 da buhu 350, tsakaninsu akwai kuɗin da zai raba zumunci. Yanzu duk lambar da ta shafi buhu ko kuɗi sai na danna F2, sannan Home, na bi ta da kibiya, uku, ɗaya, biyar, sannan Escape. Yana cin lokaci. Na kuma ƙara gida ɗaya a ƙarshen kowace mota da ke tara buhunan masu kaya ya cire daga adadin da direba ya taso da shi. Sifili ya kamata in ji. In na ji wani abu, akwai magana.

Da azahar Alhaji ya jawo kujera. Ya ce, "Malam akawu, ni fa ban ga komai a allon nan ba." Na ce, "Alhaji, ni ma haka." Ya yi dariya, sannan ya yi shiru, ya ce ɗan ƙanwarsa ya gama sakandare yana zaune, ko zai riƙa zuwa yana taya ni. Na san me ake nufi da taya. Na ce ya tambaye ni duk wanda ya ga dama. Ya ambaci wata mata mai saye daga Kasoa. Ctrl da F, sunanta, kibiya zuwa dama: buhu nawa ta ɗauka, nawa ta kawo, saura nawa, tun yaushe. Ya ciro ɗan littafin aljihunsa ya duba, ya mayar, bai ce komai ba. Yaron dai zai fara zuwa ranar Litinin.

24 ga Mayu

Awon wannan wata 17 a idon dama. Likita ya ji daɗi, amma gwajin filin gani, wanda ake sa kai cikin kwano ana danna maɓalli idan ɗigon haske ya bayyana, ya nuna an ƙara rasa kaɗan ta ƙasa. Shi ya sa nake tuntuɓe da bakin kwata. Ya kawo maganar aiki a idon, za mu sake zama bayan Babbar Sallah. Malama ta kawo maganar farar sanda. Na ce mata ɗaya bayan ɗaya.

Yaron Alhaji yana da amfani, ba zan ƙi faɗa ba. Shi ke tsayawa bakin mota yana ƙirga, shi ke karanto min takardun da direbobi suka rubuta da biro a kan gwiwa. Shigarwa da tarawa da layin bashi suna hannuna. Ya roƙi in koya masa Excel, ina koya masa, ba linzami. Ya ce ya fi sauri, yanzu shi ma Ctrl da kibiya yake yi.

Gudun murya ya kai 60. Labule a rufe yake yini, sai in Alhaji na son gani. Abin da ya rage: Word, domin wasiƙun ƙungiyar 'yan albasa har yanzu faɗa nake ana rubutawa, imel mai ɗauke da fayil, da kuma laftof ɗin kanta. Microsoft za ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, laftof ɗina kuma ta tsufa ba za ta ɗauki 11 ba. Zan je kasuwar Circle a Accra neman wata ta hannu, malama ta ce kada in biya sai na shafa maɓallan kibiya na ji ko cikakku ne, na kuma sa filashi na ji lasifikarta. Alhaji ya ce zai ba da rabi, a cire sauran a albashi wata huɗu. Na shigar da shi a shafin Mayu, layin bashi, da sunana.